Gonar albasar da ke cikin ƙwan lantarki

Da sanyin bana Baba ya zo wurina Kubwa, aka yi masa aikin yanar ido. Daren da aka cire masa auduga muna zaune a falo bayan isha'i, sai na ga ya ɗaga kai ya ƙura wa ƙwan lantarki ido, irin kallon wanda ya daɗe bai ga abu tangaran ba. Can ya ce, "Kai, wannan wutar taku daga ina ake jawo ta?" Na ce masa a gauraye take zuwa, wata daga tashoshin iskar gas na kudu, wata daga madatsar ruwa ta Shiroro, wata daga ta Jebba, wata kuma daga ta Kainji. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To ashe da gonar albasar tsohona a ciki."

Ba da fushi ya faɗa ba, bai kuma ƙara komai a kai ba. Carbinsa ya ce a miƙo masa. Ni ne maganar ta hana barci, domin shekara 16 ke nan ina cin abinci da aikin kimanta dukiya. Idan gwamnati za ta ja hanya ko ta kafa wani aiki, irinmu ake turawa da takarda da tef mu ƙirga ɗakuna da itatuwa, mu rubuta abin da za a biya. Jikan wanda aka tasa ne ya zama mai ƙirga kayan waɗanda za a tasa.

Mu Gungawa ne na ƙasar Yauri. Sunan daga gungu ya samo asali, wato tsibiri, don a tsakiyar kogin Kwara kakanninmu suka zauna. Da bakinmu Reshe muke ce wa kanmu, ko da yake ni abin da ya rage mini na yaren bai wuce gaisuwa ba, kuma 'ya'yana ko wannan ba su da shi.

Wanda bai tashi a bakin Kwara ba zai ɗauka sau ɗaya kogi yake cika a shekara. Namu sau biyu ne. Akwai farin ruwa, mai zuwa da damina daga wajen Agusta zuwa Oktoba, ya kwaso laka daga ruwan saman da aka yi a nan kusa. Sai baƙin ruwa. Shi kuma ruwan saman da ya sauka ne a tsaunukan Futa Jalon na ƙasar Gini, ya biyo ta Mali, ya yi watanni yana jan ƙafa a fadamun can har ya zubar da lakarsa, sannan ya iso mana garau a tsakiyar hunturu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Farin ruwa ya shimfiɗa taki, baƙin ruwa ya kawo ban-ruwa har bakin gona. Baba ya ce da ƙwarya suke ɗibarsa suna watsa wa albasa, tun asuba, hannu na ƙanƙara. Gero da dawa da damina, shinkafa a fadama, albasa da rani, kifi kuwa kullum. In ruwa ya ja baya sai Fulani su sauko da shanu su ci ciyawar burgu, su bar kashin shanu a gona, a yi musayar nono da hatsi. Ba a san watan zaman banza ba a gungu. Fatake kuwa daga kudu suke zuwa kasuwar Yelwa neman albasar Yauri.

A 1964 aka fara ginin madatsar Kainji. Da daminar 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka tare kogin, ruwa ya fara hawa. Tafkin da ya samu ya kai kusan kilomita 135 a tsawo, daga bakin madatsar har Yelwa. Mutum kimanin 44,000 ne suka tashi, daga garuruwa da ƙauyuka sama da 200. Tsohuwar Busa, fadar sarakunan Bargu, inda Bature Mungo Park ya halaka a ruwa a 1806, ita ma ta nutse, aka gina Sabuwar Busa. Cikin waɗanda suka tashi akwai Bussawa, Kambari, Shangawa, Lopawa, Sarkawa masunta, da mu. Baba yana ɗan shekara 12 a lokacin.

Abin da yake tunawa ba ranar buɗe madatsa ba ne, ba kuma megawat 760 da aka ce injinanta 8 za su bayar ba. Awaki yake tunawa, an ɗaɗɗaure ƙafafunsu an jera a kwalekwale. Da kakata, Allah ya jiƙanta, da ta ƙi shiga jirgi sai an ɗauko mata dutsen niƙanta. Da kakana, da ya koma shi kaɗai washegari ya tsaya a maƙabarta har rana ta yi tsaka. Kaburbura ba su tashi ba. Duk wanda ya riga 1968 mutuwa a danginmu yana ƙarƙashin ruwa.

A faɗi gaskiya, ba a watsar da su a daji ba. Da farko kuɗi aka fara bayarwa kowa ya gina nasa, daga baya aka koma gina wa mutane gidaje, na siminti da rufin asbesto, a jere kamar barikin soja. A irinsu aka haife ni, kuma wasu suna nan tsaye har yau. Damina ba ta rushe su kamar na laka, gobara ba ta cin rufinsu kamar na jinka. Makaranta ta matso kusa, wadda ba don ita ba da ban zo Abuja ba. Amma da bazara ɗakin yakan zama tanda, sai a kwana waje. Wanda ya zana gidan bai tambayi inda mace take girki ba, ko inda za a kafa rumbu, ko yadda magidanci zai ƙara ɗaki in ɗansa ya yi aure. Wasu Kambari ma barin nasu suka yi, suka koma gefe suka gina irin wanda suka saba.

Sai dai matsalar ɗaki ƙarama ce. Babbar ita ce ƙasa. An ɗauko mutanen da suka gaji noman laka an ɗora su a tudu, kan jigawa da tsakuwa, inda noma sau ɗaya ne a shekara. Gonakin da suka tarar kuma suna da masu su. Aro aka ba kakana, don mutunci, kuma bayan shekaru da 'ya'yan mai gonar suka girma suka ce suna son abinsu, ba wanda ya ga laifinsu. Babu wata takarda a hannun kowa. An biya shi ɗakunansa da itatuwansa da fam da sule, kuɗin suka ƙare kafin kaka biyu. Baƙin ruwan da yake zuwa masa kyauta kowace shekara, wanda ubansa ya ci, kakansa ya ci, shi ba a biya shi ba, domin ba wanda ya san gurbin da za a rubuta shi.

Wannan gurbin har yau babu shi. Takardar da nake fita da ita aiki tana da layin gini: na laka, na bulo, rufin kwano, rufin ciyawa. Tana da layin itatuwa masu amfani, mangwaro, gwaiba, ɗorawa, kaɗanya, giginya, kowanne da kuɗin babba da na matsakaici da na ƙarami. Tana da layin amfanin gona da ke tsaye ranar da muka zo. Shi ke nan. Kuma ba ƙeta ce ta mai buga takarda ba, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ce ta tsara haka. Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna amana, don haka in an karɓi fili don amfanin jama'a, abin da ka ɗora a kai ake biya, ba ƙasar kanta ba. Sashe na 29 ke nan. Sashe na 33 kuwa ya ce ana iya ba ka wani matsuguni a madadin kuɗi, in ka karɓa an sallame ka, in kuma sabon wurin ya fi tsohon daraja, rarar bashi ce a kanka. Ga mai gidan bulo a birni ana iya cewa akwai adalci a ciki. Ga mutumin bakin kogi, wanda ɗakinsa na ciyawa ne amma arzikinsa yana cikin laka da ruwa, lissafin yakan nuna kamar ba shi da komai.

Ba zan manta da wata tsohuwa ba, a wani aikin ƙaramar madatsa da aka tura mu shekarun baya. Mun gama ƙirga gidan, sai ta biyo ni bakin mota ta ce, "Ɗan nan, ba ka rubuta bandata ba." Wurin da take bandar kifi take nufi, rabin ganga da waya a bakin ruwa. Da shi ta riƙe marayu huɗu. Na ce, "Inna, ganga ai za ki iya ɗauka ki tafi da ita." Ta ce, "Kifin fa, shi ma in ɗauka?" Na rubuta mata ganga da rumfa, kuɗin da bai kai na buhun masara ba, kuma ko shi da sunan ƙanin mijinta ya fito, don shi ne aka rubuta mai gida. Na sa hannu a takardar. Tana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu.

Irinta suna da yawa. Bafulatanin da ranar ƙirga yana mashekari, babu shi a lissafi. Masuncin da kakansa ya zo daga Nupe ko Kabi ya zauna shekara 60 a bakin ruwa ba tare da gona ba, baƙo ne a takarda. Yaron da aka ƙirga yana ɗan shekara 14, aikin ya yi jinkirin shekara 10, ranar tashi yana da mata da ɗa, amma ɗakin uwarsa aka gina masa.

Kada a ɗauka ina adawa da madatsa. Da hasken lantarki likita ya yi wa Baba aiki. Ƙasar da ba ta da wuta ba ta da masana'anta, kuma wutar ruwa ta fi ta gas araha da tsafta. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne wannan: madatsar Kainji ta haura shekara 55 tana ba da wuta, ana sayarwa kowane wata, amma wanda aka gina ta a kan gonarsa sau ɗaya aka sallame shi. Layin da ke kai wuta Birnin Kebbi, daga can a tura har Yamai, ta yankinmu ya ratsa. Muna yara muna jin ƙugin wayoyin in an yi raɓa. Ni kuwa da fitilar ƙwai na yi karatu har na gama firamare.

Ba mu kaɗai aka yi wa ba, kuma wasu sun nemi gyara. A Gana madatsar Akosombo ta tashi mutum kusan 80,000 a shekarun 1960, aka zuba su a garuruwa 52. Sai a 1996 aka kafa musu asusu na musamman, wanda hukumar da ke sayar da wutar take zuba wa dala 500,000 kowace shekara. In ka raba wa garuruwa 52 ba wani abin kirki ba ne, amma an yarda da asalin maganar, cewa bashin ba ya ƙarewa muddin injin yana juyawa. A ƙasar Sin kuma, a 2006, gwamnati ta yanka wa duk wanda madatsa ta tasa a karkara yuwan 600 na kuɗin ƙasar a shekara har tsawon shekara 20, har da waɗanda aka tasa tun da daɗewa, kuma daga ɗan ƙari a kuɗin wuta ake tara shi. Wato mai kunna fitila a birni ne yake biya. Ni da nake sayen katin mita a Kubwa, wallahi da za a ce ga 'yan kwabbai a kan kowane kati, kuma in tabbata bakin tafki za su je, da hannu biyu zan bayar.

A nan gida sai 2010 aka sa hannu a dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, shekara 42 bayan tashinmu. Ta ƙara wasu shekara 10 kafin ta fara aiki, da hedikwata a Minna, kuma doka ta ware mata kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar masu sarrafa madatsun. Ta raba rigunan kariya ga masu shiga jirgi, ta haƙa rijiyoyin burtsatse, ta gyara azuzuwa. Ina murna da samuwarta, don jihohin da ake haƙo man fetur suna da kashi 13 cikin 100 a tsarin mulki, mu kuwa da ba mu da ko sisi. Tsorona ɗaya ne. Jihohin da ke ƙarƙashinta 6 ne lokacin da ta fara aiki, Neja, Kebbi, Kwara, Kogi, Binuwai da Filato, daga baya aka ƙara wasu. Tuwo in masu ci sun yi yawa, na bakin murhu ne yakan kwana da yunwa. Kamata ya yi a ce ƙauyukan da ruwa ya ci da sunayensu suke a rubuce, da wani kaso nasu da ba a taɓawa, kuma su ne za su zauna su ce ga abin da za a yi da shi, har da matansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da za a tambayi mutanenmu, na san da ƙasa za su fara. Duk shekara in aka saki ruwa tafkin yana ja baya, ya bar fili mai danshi a gefensa. Nan ne kaɗai abin da ya yi kama da tsohon gungu, kuma nan mutane suka koma suna shuka shinkafa da albasa da wake, yanzu da injin ban-ruwa maimakon ƙwarya. Amma na wane ne wannan filin? Manomi yana so, makiyayi yana so, ɗan asalin tudu yana cewa gabansa ne, wanda aka tasa yana cewa ƙarƙashinsa gonar ubansa ce. Rabin rigimar da ake kai wa hakimi daga nan take tasowa. A auna shi, a raba, a bar burtali da mashaya, a ba kowane gida takardar da zai bar wa 'ya'yansa. Aikin irinmu ne, na san ana iya yinsa, kuma bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta a Maitama ba. Sannan a riƙa sanar da manoma da wuri yaushe ruwa zai hau, yaushe za a sake shi, da Hausa da Nufanci, a rediyo da bakin masu unguwa. Na ƙasan Jebba da Shiroro sun fi kowa sanin abin da ake ji in ruwa ya zo da dare shinkafa ta kusa yanka.

Kifi ma haka. Shekarun farko tafkin ya yi albarka, giwan ruwa da faliya da ƙurungu har ana rasa mai saye. Labari ya bazu, masunta suka zo daga ko'ina, aka shigo da dala, tarun nan mai ƙananan ido da ake ja don warangi amma yake kwashe har 'ya'yan manyan kifi. An hana shi, an sake hanawa. Sai dai wanda ba shi da gona ba zai ajiye taru don an karanta masa doka ba.

Ga kuma tsallaka ruwa. Da can ƙetare kogi abu ne na ɗan lokaci, yanzu a wani wurin faɗin tafkin ya fi kilomita 20, kuma itatuwan da ba a sare ba kafin ruwa ya hau suna nan a ƙasa, kututturansu suna fasa jirage. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Wara a jihar Kebbi da mutum sama da 150, ya nutse, 'yan kaɗan aka ceto. An ce lodi ya yi yawa, kuma gaskiya ne. Amma mai zuwa kasuwa ko asibiti da ba shi da wata hanya sai ruwa, duk jirgin da ya samu shi zai shiga. Jirgi mai inganci da ke tashi a kan lokaci yana cikin diyya, ko da ba a taɓa rubuta shi a haka ba.

Abin da ya sa nake ganin maganar ba ta tsufa ba, madatsu ba su ƙare ba. Ta Zungeru, mai megawat 700 a kan kogin Kaduna, an fara ta a 2013 kuma ta tashi nata ƙauyukan. Ta Mambila a Taraba tana nan a takarda. A Nijar an fara gina ta Kandaji a kan wannan kogin namu, kusa da Ayoru, kuma dubban mutane ne za su tashi. Mu mazauna Abuja ma bai kamata abin ya zama mana baƙo ba. Duk mai bin hanyar Kaduna yana wuce Sabon Wuse, kuma sunan kaɗai ya isa ya tuna masa cewa akwai tsohuwar Wuse, da mutanenta, kafin kasuwa da benaye. Akwai wata 'yar Gbagyi da matata take sayen doya a wurinta. Ran nan suka zauna da Baba a ƙofar gida suna hira, ita tana faɗin inda gonar ubanta take, shi yana faɗin inda tasu take. Nata kwalta ce a kai, nasa ruwa.

Kwana uku kafin ya koma, 'yata ta biyu ta kawo masa littafinta na zane da fensir ta ce, "Kaka, tunda yanzu kana gani, zana mini garinku." Ya ce hannunsa bai saba da alƙalami ba, ita ta zana, shi zai faɗa. Suka baje a tabarma. Ya sa ta ja dogon gungu mai kama da kwalekwale, kansa yana kallon Yelwa. Nan mashigar jirage. Nan tsamiyar da ake saƙar taru a ƙarƙashinta. Nan masallaci, nan maƙera, nan maƙabarta ta gabas. Sai ya bi gonakin albasa ɗaya bayan ɗaya daga arewa, yana kiran sunan mai kowace, tana rubutawa, mutanen da yawancinsu ko kabarinsu ban sani ba. Ya kawo 23. A ta 24, wadda ke maƙwabtaka da ta kakana ta yamma, sai ya tsaya. Ya rufe ido, ya buɗe, sunan ya ƙi zuwa.

Ya ce Yaya za ta sani, ita ta girme shi da shekara biyar, kuma ita take kai wa masu ban-ruwa fura. Na sa masa kati a waya. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ya ce wataƙila an kai wayar caji kasuwa, sai gobe. Yarinyar ta bar gurbin a buɗe, ta ɗora fensirin a tsakiyar littafin.